Akwati Ba Ƙusa: Jinjina ga Dattijo Paul Sellers

Bari in faɗa tun daga farko, don kada wani ya zaci hukuncin alƙali zai karanta: ni masoyin Paul Sellers ne, na gani-kashe-ni. Wanda yake so a ɗora masa dattijon nan a kan sikeli, a fito da alherinsa da aibinsa daidai wa daida, to ya nemi wani marubucin. A wurina, cikin duk masu koyar da aikin katako da kayan hannu a YouTube, shi ne liman, sauran kuwa su ja sahu a bayansa.

Baturen Ingila ne, an haife shi a 1950 a garin Stockport kusa da Manchesta. Yana ɗan shekara 15, a 1965, ya shiga koyon kafinta a hannun dattawan da su ma da zarto da cizal suka tashi. Ya yi sama da shekara 20 a jihar Texas ta Amurka yana ƙera kayan ɗaki yana koyarwa. A farkon 2009 aka shigar da wasu kabad biyu da shi ya zana su cikin ɗakin taron ministoci na fadar White House, an yi su da itacen mesquite, ɗan dangin ƙiryarmu da ake sassaƙa turmi da ita. Da ya koma gida ya buɗe makaranta a Penrhyn Castle da ke arewacin Wales, daga baya ya sauka a yankin Oxford. Yana da littattafai biyu da suka yi suna, Working Wood 1 & 2 na 2011 da Essential Woodworking Hand Tools na 2016. To wannan mutumin, mai kaya a fadar shugaban Amurka, shi ne zai tsaya gaban kyamara ya kwashe sa'a guda yana nuna maka yadda ake haɗa ɗan akwatin da bai wuce na ajiye carbi da makullai ba, kuma da irin natsuwar da zai yi wa kabad ɗin fada. Ina za ka sami irin wannan?

Ɗan akwatin nan shi ne abin da nake so mu daɗe a kansa, domin duk karatun Sellers yana cikinsa. Fallayen katako huɗu ne, da gindi, da murfi idan ka so. Babu ƙusa, babu sukuru, babu injin da za a jona da wuta. Kayan aikin za su shige jakar hannu: ƙaramin zarto, cizal biyu ko uku, filen na goge katako, sikwaya, wuƙa mai tsini, fensir, abin jan layin kauri, da guduma.

Kafin ya yanka komai, sai ya zaɓi fuska ɗaya a jikin kowane falle ya goge ta ta miƙe, ya sa mata alama, sannan ya goge gefe ɗaya har ya yi daidai da sikwaya, shi ma ya sa masa alama. Daga nan har aiki ya ƙare, sikwaya ba ta jingina da ko'ina sai waɗannan wurare biyu. Abu ne da za a faɗa cikin numfashi ɗaya, amma duk akwatin da ka gani yana rawa a kan tebur, ko murfinsa ya ƙi zama, ka bincika, nan aka yi sake.

Sai kuma abin da ya sa na sallama masa, wato katangar wuƙa. Mu nan mun saba a ja layi da fensir ko biro a bi shi da zarto. Sellers ya ce layin fensir yana da kauri, kuma kaurin nan shi ne giɓin da za ka gani a haɗinka daga baya. Saboda haka sai ya danne sikwaya, ya ja wuƙa a jikinta, da farko a hankali kamar ba ya so, sannan ya ƙara nauyin hannu. Sai ya ɗauko cizal, daga ɓangaren da za a zubar, ya ɗan tura shi a kwance zuwa ga layin, ya cire siririn ɓawo. Me ya rage? Wata 'yar katanga a tsaye, da gangare a gabanta. Kana ɗora zarto sai ya gangara da kansa ya jingina da katangar, ba ya tsalle, ba ya kaucewa. Kuma da yake wuƙa ta riga ta yanke jijiyar katakon a sama, haƙoran zarto ba sa yayyaga baki. Wallahi ranar da mutum ya fara ganin wannan sai ya ji kamar ya tashi ya yi tafi shi kaɗai a ɗaki. Dabara ce da ba ta cin ko sisi, amma ita ce ke raba aikin da aka yi da aikin da aka ƙaƙaba.

Kusurwoyin akwatin da haɗin wutsiyar kurciya ake ɗaure su. A ƙarshen falle ɗaya ana yanka haƙora masu faɗi a baki, masu tsukewa a gindi, a ɗayan fallen kuma ana yanka gurabun da za su zauna. Karkatar da yake amfani da ita ɗaya cikin bakwai ce, wato a kowane inci bakwai na tsawo layin ya kauce da inci ɗaya, kuma yana nuna yadda za ka yi wa kanka ɗan ma'aunin wannan karkata da guntun katako. Wutsiyoyin yake fara yankawa. Sannan ya ɗora su a kan ɗaya fallen ya zana gurabun daga jikinsu. Ka ga hikimar: ko da hannunka ya ɗan karkace a yankan farko, na biyu daga jikin na farkon aka kwafo shi, don haka za su rungumi juna. Ba a neman ka zama injin. Ana neman ka kwafa da gaskiya, kuma ka yanka a ɓangaren shara na layi, ka bar layin da kansa a jikin aiki.

Wurin fafe tsakanin haƙoran nan ne ya yi wani bayani da ban taɓa ji daga bakin kowa ba. Cizal, in ji shi, weji ne: idan ka dasa shi a kan layi tun farko ka buga, katakon da ke gabansa zai ture shi baya ya ci layin, ka wayi gari da giɓi ba ka san inda ya fito ba. Magani shi ne ka fara da katangar wuƙa, ka cire kaɗan, ka ɗan buga, ka sake cire kaɗan, har katangar ta yi zurfin da za ta riƙe cizal ɗin. Idan ka kai rabin kauri sai ka juya fallen ka faro daga ɗaya fuskar, ku haɗu a tsakiya, don kada katakon ya ɓalle ta baya. Har sauti yana koyarwa. Zai ce ka saurara, bugun ya sauya daga mai tauri zuwa mai taushi, ma'ana an kusa hudawa, a rage ƙarfi. Malam, wannan ba a littafi ake samunsa ba, shekara hamsin da ɗoriya a bakin benci ce take magana.

Sai lokacin haɗawa. Ya jera haƙora a bakin gurabunsu, ya danna da tafin hannu, ya ɗan bubbuga, sai ka ga sun nutse suna 'yar ƙara, layi ya haɗu da layi, ko takarda ba za ta shiga ba. Tun ba a shafa gam ba, ka ja fallen ta inda wutsiyoyin suka kulle, ba zai fito ba, domin siffar ce take riƙe shi. Ƙusa kuwa idan aka buga ta a ƙarshen katako, tsakanin jijiyoyi take shiga, kuma da katako ya sha damina ya sha hunturu sai ta saki. Shi ya sa durowar kabad ɗin amarya take zubar da fuskarta tun ba a yi suna ba. Haɗin wutsiyar kurciya kuma ba sabon abu ba ne, an same shi a jikin akwatunan da aka tono daga kaburburan Misira ta dā.

Amma duk wannan ba ya yiwuwa da dakusasshen ƙarfe, kuma a nan ne Sellers ya yi wa mutane babban gata. Akwai masu mayar da wasa cizal wani ilimi mai zaman kansa, da na'urori da duwatsu masu tsada. Shi farantai uku gare shi na ƙarfe masu garin daimon, mai kaushi da matsakaici da mai laushi, lamba 250 da 600 da 1200, a jere cikin katako ɗaya. Ya fesa musu ruwan goge gilashi, ya riƙe ƙarfen da hannu a kimanin digiri 30, ya tura ya jawo yana ɗan sauke hannu a ƙarshen kowane turi, don bakin ya yi ɗan doro maimakon ya zama a miƙe. Idan ya shafa bayan ƙarfen ya ji ɗan siririn leɓe ya taso, to an kai baki, sai faranti na gaba. A ƙarshe ya ja shi da ƙarfi a kan fata da aka manna a katako, an shafa mata koren sabulun goge ƙarfe, sau talatin ko arba'in. Duka-duka minti biyu, ya koma aiki. Kuma don kada wani ya ce ai ba shi da farantan daimon, ya yi bidiyo guda ya wasa filen a kan lamba 250 kaɗai ya goge katako da shi sumul. Dutsen wasa mai fuska biyu da ake sayarwa a kasuwanninmu zai yi. Sanfefa a kan gilashi ko tayil mai santsi za ta yi. Fata kuwa, a ƙasar dukawa, ba sai an yi magana ba.

Halinsa ke nan a komai: kullum yana rage maka dalilin cewa ba za ka iya ba. Ya taɓa ɗauko cizal masu arha na wani babban kanti mai suna Aldi, ya gyara su a gaban kowa, ya ci gaba da aiki da su shekara da shekaru. Ba ka da filen na daidaita gindin rami? Ya huda guntun katako a karkace ya cusa cizal a ciki, ga filen ɗin talaka. Mai na hana tsatsa? Ya naɗe tsumma tam ya cusa a ƙaramin gwangwani, ya jiƙa shi da man keken ɗinki, kowane lokaci ya shafa gindin filen ko jikin zarto a kai, sai ka ga ƙarfe yana sulɓi. Ba ka da bencin aiki? Ya fita lambun bayan gida ya haɗa benci da katakon gini na yau da kullum, a manne da gam, ba tare da wani benci ya taimaka masa ba. Akwai ma bidiyon da ya manna gilashi a gefen katako yana fafe rami, don ka ga abin da bakin cizal yake yi a ciki, yana gwada cizal na gama-gari da na musamman mai kauri. Gani ya kori ji.

Filen ɗin da ya fi amincewa da shi, Stanley lamba 4, ya cancanci a ɗan tsaya masa. Ƙirar wani Ba'amurke ce, Leonard Bailey, kuma kamfanin Stanley na garin New Britain a jihar Connecticut ya sayi haƙƙin ƙirar a 1869. Tsawonsa kimanin inci tara, faɗin rezarsa inci biyu, tana kwance a digiri 45. Kamfanin Record na Sheffield ya yi irinsa, kuma yawancin filen ɗin ƙarfe da ke hannun kafintocinmu a yau, ko daga ina aka kawo su, kwafin wannan ƙirar ne. Sellers ya dage cewa wannan ɗaya ya ishi mai farawa, kuma tsoho mai tsatsa ya fi sabo mai ƙyalli da aka yi don a sayar kawai. Yana nuna yadda za a warware shi, a goge gindinsa a kan sanfefa har ya miƙe, a daidaita murfin da ke karya ɓawo, a saita reza da ido. Don haka idan ka bi ta wurin masu tsofaffin ƙarafa, ko a Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko kasuwar Katako ta Yamai, ka riƙa buɗe ido. Wanda ya san abin da yake nema shi yake tsintuwa.

Shi dattijon yana magana ne da Turawan da injuna suka cika musu gareji, yana lallashinsu su ajiye su saurari katako. Mu kuwa ba sai an lallashe mu ba, rashin wuta ya riga ya yi mana wa'azin. Aikin da ba ya jiran a kawo wuta, ba ya shan fetur ɗin janareta, ba ya tada maƙwabta, ba ya turnuƙe ɗaki da ƙura, ana iya yinsa a zaure bayan la'asar yara suna kallo, ai kamar don mu aka tsara shi. Kuma da inci yake yawan awo, mu ma a kasuwar katako tu-bai-fo da wan-bai-twelf muke cewa. Ba wai hannu baƙon abu ne a wurinmu ba. Masassaƙanmu da gizago suke fitar da turmi da akushi da kujerar mata daga kututture guda, babu haɗi ko ɗaya. Abin da ya yi ƙaranci a kayan ɗakinmu na yanzu shi ne haɗa falle da falle ba tare da ƙusa ba, kuma ba laifin kafinta kaɗai ba ne: mai saye yana son gado da kabad da madubi kafin ranar kai amarya, a farashin da ba zai biya kwana biyu na yankan haƙora ba. Amma wanda yake yi wa kansa a gida ba shi da mai tsaya masa a ka.

Inda sai mun yi namu tunanin shi ne katako. Shi yawanci da pine da oak yake aiki, mu kuma abin da ke gabanmu daban ne. Obeche mara nauyi ne mai taushi, yana da daɗin yanka, amma idan cizal bai yi kaifi sosai ba sai ya murƙushe jijiyar maimakon ya yanke ta. Malaina tana da sauƙin samu da sauƙin sarrafawa, ta dace da akwatin farko, in dai ta bushe, domin tana da jinkirin bushewa. Maɗaci kyakkyawa ne ja, sai dai jijiyarsa a sarƙe take, wani layi ya nufi gabas wani yamma, filen yana iya fizge shi. A nan sai a matso da murfin reza kusa da baki, a ɗauki ɓawo siriri. Iroko yana da ƙarko, amma yana dakusa ƙarfe, ƙurarsa kuma tana damun hanci da fatar wasu mutane. Babban abin lura shi ne ruwa. Katakon da aka ɗauko daga kudu yakan iso da danshi, kuma katako a faɗinsa yake tsukewa, ba a tsawonsa ba. Ka yanka fallayenka da ɗan rara, ka jingine su a inuwa iska na ratsa su na wasu makonni, musamman idan hunturu na tafe, kafin ka ja layin farko. Gindin akwati mai faɗi kuma a bar masa wurin motsi a cikin tsagi. Sellers yana yawan nanata wannan ga mutanen da bambancin daminarsu da raninsu bai kai rabin namu ba.

Aibinsa? To, tunda dole ne. Bidiyonsa dogaye ne, ba ya yanke komai, kuma data ba kyauta ba ce; gara a sauke su da dare a kalla a hankali. Da Turanci yake magana, amma a tsanake, kuma hannunsa yana faɗin fiye da rabin zancen, ko wanda bai yi boko mai zurfi ba, zai bi shi. Wani lokaci yakan saki aiki ya shiga huɗuba a kan yadda masana'antu suka raba mutane da sana'ar hannu, yana da taurin kai irin na tsofaffin masu sana'a, abin da ya yarda da shi ya yarda da shi ke nan. Ni wannan ma burge ni yake yi. Cikakkun darussan manyan ayyuka suna shafinsa na Woodworking Masterclasses, wasu sai an biya, amma abin da ya zuba kyauta ya ishi mutum shekaru.

Ƙarshen akwatin ma abin kallo ne. Bayan gam ya bushe, sai ya bi kusurwoyin da filen daga waje zuwa ciki, don kada bakin katako ya ɓalle, har haƙoran su yi daidai da jiki, ka shafa ba ka jin inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Sannan ya ɗan kashe kaifin gefuna. Ba ya lafta fenti mai kauri. Shelak yake shafawa, wani ƙaro da wani ɗan ƙwaro yake fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, ana narka shi a sipirit, yana bushewa cikin mintuna. Shafi uku ko huɗu sirara, a goge tsakani da sanfefa mai laushi, a bi da kakin goge katako, sai jijiyar itacen ta fito, ƙarshen haƙoran ya yi duhu fiye da jikin fallen, kowace kusurwa ta zama ado da kanta.

Wanda zai fara, shawarata ya fara da bidiyon wasa cizal, sannan na katangar wuƙa, sannan ya shiga akwatin. Kada kuma ya tsallake na wasa zarto, inda dattijon yake bin haƙora ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin magagari mai kusurwa uku. A nan ne za a gane abin dubawa a kasuwa: zarton da haƙoransa suka yi baƙi an ƙona su ne don su yi tauri, magagari ba ya cin su, idan sun dakushe sai juji. A nemi mai haƙora fari kalar jikinsa, ko da tsoho ne, ko da ya fi tsada kaɗan, shi ne wanda za a riƙa wasawa ana aiki da shi har a bar wa 'ya'ya.